DIN ko yok: wane baki za ka zaba wa regiletarka kafin ka shiga nutson tek

To, in ka riga ka wuce nutson shakatawa na mita 18 ko 30, ka fara tunanin shiga kogon ruwa ko cikin jirgin da ya nutse ko sauka mita 50 da tukwane biyu a baya, irin nutson da ake kira tek, akwai abin da ya kamata ka yanke tun kafin ka zuba kudi, wato yadda regiletarka, na'urar da ke rage matsin iska don ka iya shaka, za ta kama bakin tukunyar iska. Iri biyu ne a kasuwa, yok da DIN, kuma ni dai ba boye-boye, DIN nake cewa ka saya.

Yok, wanda wasu ke kira INT, wani zobe ne na karfe da ake zura wa kan bawul sannan a murda kusa daga baya ta matse shi. Zoben robar da ke tare iska a fuskar bawul din yake, a waje, ba abin da ya rike shi sai matsin nan. A budadden ruwa ba shi da wata matsala, shi ya sa ya cika wuraren haya a Amurka da tsibiran Karebiyan, amma iyakar matsin da yake dauka wajen ba 232 ne (ba, wato bar, ma'aunin matsin iska). Yanzu ka dauka kana cikin kogo a Fulorida ko Meziko, rufi a samanka, kanka ya dan daga bawul ya daki dutse, yok din ya goce kadan, roba ta fito, iska ta fara tsiyaya fuuu a bayan keyarka kuma ba halin tasowa sama. Ga kusar nan da ta turo waje, igiyar jagora ko tsohuwar waya a cikin jirgi tana iya sarkewa a kanta.

DIN kuwa, sunan hukumar ka'idojin Jamus ne, murda regiletar ake yi ta shige cikin bawul din kanta. Robar tana jikin regileta, in ka daure sai ta makale can ciki karfe ya zagaye ta ta ko'ina, ba inda za ta fita. Ga shi bai da tudu, kan regiletar ya lafe da tukunya. Shi ya sa kusan duk malamin tek da za ka je wurinsa, na kungiyar horar da masu nutso ta TDI ne ko IANTD ko GUE, DIN zai ce ka zo da shi.

Amma fa DIN din ma kala biyu ne, nan mutane ke rudewa. Akwai na ba 200 ko 232 mai zare 5, akwai na ba 300 mai zare 7 wanda ya fi tsawo. Da gangan aka yi haka don kar a daura karamar regileta a tukunya mai matsin da ya fi karfinta, in ka murda gajeren a bawul na 300 zai shiga amma ba zai kai karshe ba balle roba ta zauna, da ka bude iska zuba kawai za ta yi. Dogon kuma yana shiga duka biyun, a bawul na 232 za ka ga zare biyu sun rage a waje, kar ya dame ka haka yake. Kenan regileta ta 300 za ka saya ko da tukwanenka na 232 ne.

Tukunyar kuma, a nan ra'ayina ya juya. Bawul na 232 ya fi amfani ga yawancin mutane, don shi ne ake iya sa masa dan toshin nan mai rami a tsakiya da ake murdawa da alanki ya koma yok, a cire ya koma DIN. Na 300 ba ya yin wannan. Kuma ba ko'ina ake iya cika maka 300 ba, ga nauyi, sannan iska in ta kai wannan matsin ba ta matsuwa daidai da lissafi, abin da ke ciki ba ya kai abin da ka zata.

Batun tafiya fa? Ka sayi adafta da ke mai da DIN yok ka jefa a jaka, da alanki na milimita 6 da na 8 don toshin bai zama girma daya ba. A Dahab ko Sharm da ke Masar za ka samu DIN cikin sauki tunda Turawa sun cika wajen, amma wani wurin tukwanen alminiyom masu lita 11 ne masu yok zalla. Adaftar tana turo regileta kusa da keya har ka rika jin ta in ka daga kai, kuma ta dawo maka da raunin yok din gaba daya, don haka ta nutson shakatawa ce, kar ka shiga kogo da ita. In kuma kana da regileta mai kyau ta yok ba sai ka yar ba, yawancin kamfanoni irin su Apeks da Scubapro suna sayar da kayan canjawa, sai dai ka ba makanikin da ya koya ya daure da awo, ba kai da sifana a tsakar gida ba.

Akwai kuma M26, zare mai fadi da Tarayyar Turai ta ware wa iskar da aka kara wa oksijin ta wuce kashi 22 cikin 100. A wasu wurare a Faransa da Jamus za ka ci karo da shi, a wajen Turai da kyar. In can za ka yi nutso tambayi inda za ka cika tukunya tukuna, in ba can ba ka bar shi. Regiletar da za ta hau tukunyar oksijin mai yawa dai dole a wanke ta wankin oksijin, ba maiko ko kadan, kuma a hankali ake bude bawul dinta.

Abu daya da ba wasa a ciki, zaren wuyan tukunya, inda bawul ke shiga jikinta. Na Turai M25, na Amurka kuma 3/4 na inci, sun yi kama sosai har daya yana iya murduwa cikin daya kamar ya zauna, sai an cika iska bawul din ya fice kamar harsashi, an sha samun munanan raunuka har da rasa rai ta haka. Karanta abin da aka buga a kafadar tukunya da jikin bawul, in ba su zo daya ba kar ka hada ko da wa ya ce maka ya taba yi lafiya.

A cikin ruwa kuma, tukunyar da ka rataya a gefenka da ka rufe bawul dinta iskar cikin tiyo ta kare, DIN dinta na iya sassautawa ba ka sani ba. Kafin ka bude ka kai hannu ka taba wilin da ake murda DIN din da shi, in ya yi sako-sako ka daure sannan ka bude. In an fito, busar da murfin kafin ka rufe bakin regileta don digon ruwan gishiri na cin ciki, ka sa toshi a bakin bawul din tukunya saboda in ta fadi bakin ya lotse regileta ba za ta kara shiga ba. Roba ta ajiya ma ka rike biyu ko uku a aljihun jaka, ta DIN daban ta yok daban, girmansu ba daya ba.