Yadda za ka zaɓi na'urar GPS da manhajar da ta dace da aikinka

Masu neman GPS, wato tsarin gano wuri ta taurarin ɗan'adam, a Sakkwato yanzu ba direbobi kaɗai ba ne. Akwai manomin shinkafa a Wurno da ake tambaya hekta nawa yake nomawa kafin a rubuta masa taki, akwai ma'aikacin rigakafi da aka ce ya kawo lambobin da ke nuna wurin kowace ruga da ya shiga, ga kuma ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mai ƙididdigar rijiyoyi. Dukkansu abin da suke fara tambaya shi ne wace na'ura za su saya, alhali da yawansu wayar da ke aljihunsu ta ishe su, ba su dai taɓa gwada ta ba.

Fara da sanin kuskuren da aikinka zai iya ɗauka

Waya mai kyau a fili, ba rufi ba inuwa, takan nuna wurin da kake da kuskuren kamar mita 3 zuwa 5. In hanyar Goronyo kake nema, ko kana so ka koma kan rijiyar da ka gani jiya, wannan ba komai ba ne. In gona ce mai hekta ɗaya, wato mita 100 tsawo 100 faɗi, lissafin zai ɗan karkace amma zai yi maka amfani wajen sanin buhun taki nawa za ka saya. Amma ɗauki filin gida na ƙafa 50 da 100. Gabansa mita 15 ne kacal, kuskuren mita 5 kenan ya cinye kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya kafa turken iyaka da waya ya sayo rigima da maƙwabcinsa. Wannan aikin safiyo mai rajista ne, kuma awonsa ake karɓa wajen takardar fili.

Sai ka gwada wayar

A wayar Android sauke manhajar GPSTest, kyauta ce. Fita fili, ka buɗe ta, ka tsaya minti biyu ko uku. Za ka ga jerin taurarin ɗan'adam, kowane da tutar masu shi a gefe: ta Amurka ita ce GPS, ta Rasha GLONASS, ta Tarayyar Turai Galileo, ta Sin kuma BeiDou wadda aka kammala a 2020. Taurari huɗu ne mafi ƙarancin abin da waya ke buƙata kafin ta san inda take, amma yawansu shi ke kawo daidaito, musamman a lungunan tsohon gari wajen Hubbaren Shehu, inda katanga ke tare rabin sama. In ka ga tutoci uku ko huɗu, wayarka ba ta da laifi.

Duba kuma layin da aka rubuta L1 ko L5. Wayar da ke nuna L5, ko E5a a taurarin Galileo, tana sauraron zango biyu a lokaci guda, abin da ke rage mata ruɗewa da siginar da ta bugi gini ta dawo. A 2018 aka fara sa wannan a waya, da Xiaomi Mi 8, yau kuwa ana samunsa har a wasu matsakaitan wayoyi. Kada ka dogara da bakin mai shago a kan wannan. Ka ce a bar ka ka fita da wayar bakin titi ka duba da idonka.

Akwai abin da mutane ke yawan ruɗewa a kai. GPS ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabis, ko layi babu a wayar yana aiki, domin saƙon daga sama yake saukowa, nisan kilomita 20,200. Abin da data ke yi shi ne hanzarta kamawar farko da kuma sauko da hoton taswira. Don haka in ka shiga daji sabis ya ɗauke, wayar ta daɗe ba ta kama ba, ka yi haƙuri ka tsaya wuri ɗaya, za ta kama.

Mai kwamfutar hannu ya ƙara lura. iPad ɗin da ba ya ɗaukar layi ba shi da GPS a ciki sam, haka ma wasu masu araha na Android. Da Wi-Fi suke kintatar wuri, a ƙauye kuwa babu abin kintata.

In wayar ta gaza

Nan ne ake maganar sayen na'ura, kuma iri uku ne. Akwai ƙarama mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, irin Garmin GLO 2 ko na kamfanin Bad Elf. Batirinta daban, za ka iya ɗora ta kan hula ko saman jaka tana kallon sama, wayar na cikin inuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Waya a kan gaban mota da rana tsaka ba ta daɗewa take rage haske, caji ya tsaya, wani lokaci ta kashe kanta. A iPhone da iPad haɗawa kawai za ka yi. A Android sai ka sauke manhajar da ke karɓo saƙon na'urar, ka shiga saitin waya ka taɓa Build number sau bakwai, sannan a Developer options ka zaɓi wannan manhajar a matsayin mai ba da wuri. Da yawa sukan tsallake wannan, su yi ta aiki da GPS ɗin wayar suna zaton na'urar da suka saya ce ke aiki.

Akwai kuma mai cin gashin kanta, irin Garmin eTrex, da allonta da maɓallanta, tana cin batirin AA guda biyu da za ka samu a kowace kasuwar ƙauye. Allon ƙarami ne, rubutu a ciki wahala, amma ga wanda zai kwana uku ba wuta, ni ita nake zaɓa masa. Na uku su ne na RTK, irin Emlid Reach, masu awo har zuwa santimita. Suna da tsada, kuma sai da na'ura ta biyu a kafe ko intanet mai kawo gyaran kuskuren awon. In ba awon ƙasa ne sana'arka ba, wuce su.

Kowace za ka saya, tabbatar tana kama aƙalla rukunin taurari biyu. Tsofaffi na hannu da ke jin taurarin GPS na Amurka kaɗai suna nan a kasuwa da araha, kuma sau da yawa wayarka ta fi su.

Manhaja

Ga tuƙi a cikin gari da manyan hanyoyi, Google Maps ya wadatar, amma ka sauke taswirar yankin tun kana gida. Mai zuwa Illela ya san da zarar ya kusa iyaka wayar na iya tsallakawa sabis ɗin Nijar, data ta tsaya. Ga hanyoyin ƙauye da na fadama, gwada OsmAnd ko Organic Maps. Duka biyu da taswirar OpenStreetMap suke aiki, wadda 'yan sa-kai ke zanawa, don haka wani ƙauyen za ka same shi har da lungunansa, wani kuwa suna kawai. Kafin ka yanke hukunci, nemi garinku a cikin kowacce ka ga wadda ta fi saninsa. OsmAnd na iya ajiye sawun hanyar da ka bi a fayil ɗin GPX, ka aika wa wani ya bi sawunka.

Mai awon gona ya nemi manhajar da ke barinsa ya kafa alama a kowace kusurwa, irin SW Maps. Kada ka zagaya kana sauri. Tsaya a kusurwa, waya a tafin hannu nesa da ƙirji, ka jira lambar da manhajar ke nuna kuskuren awon a mita ta sauka ta daina rawa, sannan ka danna. In kusurwar na ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, jirarka za ta fi tsawo. Ma'aikatan ƙungiyoyi kuma galibi an riga an zaɓa musu, KoboCollect ko ODK Collect, manhajojin tattara bayanai, nasu kawai kada su ajiye wuri alhali lambar na nuna mita 20.

Daidaita lambobin kafin ka aika wa kowa

Birnin Sakkwato na wajen digiri 13.06 arewa, 5.24 gabas. Akwai masu rubuta digiri da ɗigo kamar haka, akwai masu rubuta digiri da minti, kuma ba ɗaya ba ne. Digiri 13 da minti 30 daidai yake da 13.5. Wanda ya kwafe shi a matsayin 13.30 ya kauce da kilomita 22. Tambayi wanda zai karɓi aikin wane tsari yake so, ka saita manhajar a kai tun farko.

Haka kuma waya da tsarin awon duniya na WGS84 take lissafi, tsofaffin taswirori da takardun filaye na Najeriya kuwa da yawansu a kan tsarin Minna aka yi su. Wuri ɗaya a tsarin biyu yakan bambanta da gomman mitoci. In ka shigar da lambobin tsohuwar takarda wayar ta kai ka cikin gonar wani, duba gefen takardar ko ƙasanta, a nan safiyo kan rubuta tsarin da ya yi aiki da shi.