Yadda Ake Haɗa Sarƙar Rataya Tabarau

Tun da aka ga tawa a wajen wani suna a Ƙofar Ƙaura ake ta tambayata. To, ga yadda nake yi.

1. Ki sayo ƙananan duwatsun ado, zaren nailan mai ƙwari, da 'yan robobi biyu masu riƙe hannun tabarau. Ni nawa robobin daga tsohuwar igiyar Baba na ciro.
2. Yanki zare santimita 80. Goma na ƙulli ne.
3. Ɗaura roba ɗaya a bakin zaren, ƙulli uku.
4. Juye duwatsun a faranti mai tsumma, don kada su watse.
5. Ki riƙa zura su ɗaya bayan ɗaya.

Hattara: banda manyan duwatsu. Nauyinsu janyo tabarau yake har kan hanci, masu kaifin baki kuma su tsinke zaren mayafi.

6. Gwada a wuya, ki ga ta sauko ƙirji.
7. Ɗaura ɗayar robar. Kada ki matse duwatsun tamau, sarƙar sandarewa take yi.
8. Ɗiga gam kaɗan a kowane ƙulli, nesa da gilashin, don tabonsa ba ya fita.
9. In ya bushe, datse ragowar zaren.
10. Zura hannuwan tabarau cikin robobin.