Babi na Bakwai: Mil da Kilomita, Lissafin Gudun Mota a Ƙasar Waje

Darasi na 1: Haruffa kafin lamba

A yawancin ƙasashe allon hanya lamba kawai yake nuna maka: 30, ko 50, ko 70, cikin da'ira mai jan baki. Ba ya faɗin ko mil ake nufi ko kilomita. Kai direba ake sa ran ka sani.

A Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Saudiyya da Faransa, da kilomita ake auna gudu. A Birtaniya da Amurka kuwa da mil ake aunawa. Mu ma da mil muka saba a da, shi ya sa har yau akwai Mil Tara a Kano da kasuwar Mil 12 a Legas.

Yanzu ka shiga mota, ka zauna, kada ka tayar da ita tukuna. Dubi maleji, wato agogon nan da ke bayan sitiyari mai nuna gudu. Nemi haruffan da aka rubuta a jikinsa. Idan ka ga km/h, kilomita ne a awa ɗaya. Idan ka ga MPH ko mph, mil ne a awa ɗaya. Rubuta su biyun a littafinka sau biyar biyar, har idonka ya saba da su. Wanda bai gama haddace haruffa ba, to ya riƙe wannan: mai farawa da k kilomita ne, mai farawa da m mil ne.

Motoci da yawa suna da layin lambobi biyu, manya a waje, ƙanana a ciki. A motar Birtaniya ko ta Amurka manyan lambobin mil ne, ƙananan na ciki kilomita. Ido kuma manyan yake fara kamawa, a nan matsalar take.

Darasi na 2: Wace lamba ce babba?

Mil ya fi kilomita tsawo. Mil 1 daidai yake da kilomita 1.6, ana karanta shi "ɗaya da ɗigo shida", wato kilomita ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Mil 5 kilomita 8 ne.

Ga inda ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali. Da an ce mil ya fi tsawo, sai mutum ya ɗauka lambar mil ce za ta fi yawa. A'a. Dogon mutum da ƙaramin yaro idan suka taka daga gida zuwa masallaci, yaron ne zai fi yawan taku, don takunsa gajere ne. Kilomita shi ne yaron. A gudu iri ɗaya, lambar kilomita ce babba, lambar mil ce ƙarama.

Faɗa da bakinka: lambar kilomita ce babba. Sake faɗa. Mil 30 kilomita 48 ne. Wacce ta fi? Ta kilomita. Mil 50 kilomita 80 ne. Wacce ta fi? Ta kilomita. Babu ranar da wannan zai juya. Idan ka rikice yau ba abin kunya ba ne, masu boko ma suna rikicewa a nan.

Darasi na 3: Rabi da ɗaya bisa goma

Ba ka buƙatar na'urar lissafi. Abu biyu za ka nema daga lambar da ke kan allo: rabinta, da ɗaya bisa gomanta. Rabi ka san shi. Ɗaya bisa goma kuwa, cire sifirin ƙarshe kawai: na 30 shi ne 3, na 60 shi ne 6, na 120 shi ne 12.

Daga mil zuwa kilomita, haɗa abu uku: lambar kanta, da rabinta, da ɗaya bisa gomanta. Allo a Landan ya ce 30. Rabin 30, 15. Ɗaya bisa goma, 3. To 30 da 15 da 3, 48. Tsaya ka duba: kilomita muke nema, amsar ta fi 30? Ta fi. Daidai.

Wani kuma. Babbar hanya a Ingila, allo ko doka ta ce 70. Rabi, 35. Ɗaya bisa goma, 7. Haɗa 70 da 35 da 7, 112. Duba: lambar kilomita ce babba? Ita ce.

Daga kilomita zuwa mil, haɗa abu biyu kawai, rabi da ɗaya bisa goma. Lambar farko ajiye ta gefe, kada ta shiga lissafi. Allo a Faransa ya ce 50, motarka mai mil ce. Rabi, 25. Ɗaya bisa goma, 5. An sami 30. Duba: mil muke nema, amsar ta gaza 50? Ta gaza. Daidai. Ainihin amsar 31 ce, kilomita 100 kuma mil 62 ne ba 60 cif ba, amma wannan ɗan gibin alheri ne gare ka, don yana barinka ƙasa da iyakar doka.

Mu sake, don a nan ake faɗuwa. Za ka kilomita? Lamba za ta hau, abu uku za ka haɗa. Za ka mil? Lamba za ta sauka, abu biyu za ka haɗa. Hawa, uku. Sauka, biyu. Ɗalibi yakan ga 80 na kilomita, ya haɗa 80 da 40 da 8, ya rubuta mil 128, ya miƙo littafi yana murmushi. Haba malam! Kilomita 80 ya zama mil 128? Ina maganar da muka maimaita ɗazu? Lissafin haɗawarka daidai ne, alƙiblar ce ka saɓa. Amsar ita ce 40 da 8, wato 48, kusan mil 50. Dubawar ƙarshen nan ba ado ba ce, kuma masu cewa "ai na gane" su ne kullum suke tsallake ta. Wanda ya rubuta amsa bai tambayi kansa wace lamba ce babba ba, ya goge ya sake.

Me ya sa ake ta nanatawa? Kuskuren yana da fuska biyu, kuma ɗaya ta fi muni. Idan allo na mil ne kana karanta kilomita, za ka riƙa tafiyar hawainiya, na baya suna yi maka hon, shi ke nan. Amma idan allo na kilomita ne kana karanta mil, kowane taku na totur ya wuce doka da fiye da rabi. Mutum ya fito daga Amurka ya shiga Kanada, allo ya ce 100, ya kai allura kan 100 na manyan lambobi: yana gudun kilomita 160 ke nan. Haka wanda ya tashi daga Belfast zuwa Dublin. Arewacin tsibirin Ailan mil ne, kudanci ya koma kilomita tun 2005, kuma babu shingen da zai tsayar da kai a kan iyakar balle ka farga.

Ba sai ka fita waje ba ma. Tokunbo, wato motar hannu, 'yar Amurka da ka saya a gida malejinta na mil ne. Iyakar ƙaramar mota a babbar hanyar Najeriya mai tagwayen layi kilomita 100 ne, wato allura ta tsaya kusa da 60 a manyan lambobi. Masu alfahari da cewa "100 kawai nake yi" a hanyar Kaduna zuwa Zariya su koma su karanta haruffan malejinsu.

Birki ma yana da nasa lissafin. Dokar hanya ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa mota mai gudun mil 30 tana buƙatar mita 23 kafin ta tsaya cak, mai mil 60 kuwa mita 73. Gudu ya ninka sau biyu, tazarar tsayawa ta haura ninki uku.

Darasi na 4: Lambobi masu ƙarewa da 5

A Amurka allon fari ne mai kusurwa huɗu, an rubuta SPEED LIMIT a samansa, kuma za ka riƙa ganin 25, 55, 65. Rabinsu yana da wuyar sha'ani. Don mayar da su kilomita, raba da 5, ka ninka da 8. 25 ya zama 5, sau 8, 40. 55 ya zama 11, sau 8, 88. Yi 65 da kanka. Ka duba wace ce babba.

Darasi na 5: Allon da babu lamba

A Birtaniya akwai farar da'ira da baƙin layi ya ratsa ta a karkace. Ba izinin ƙure maleji ba ne. Ga ƙaramar mota yana nufin mil 60 a hanya mai falle ɗaya, mil 70 a hanyar da aka raba tsakiyarta. Cikin gari mil 30 ne, a yankin Wales na Birtaniya kuwa 20 tun 2023. Kyamara ke kamawa, mafi ƙarancin tara fam 100 da maki 3 na laifi a lasisi.

Darasi na 6: Kafin ka tashi

Rubuta waɗannan a ƙaramar takarda, mil a hagu, kilomita a dama: 20 da 32, 30 da 48, 40 da 64, 50 da 80, 60 da 96, 70 da 112. Manna ta inda ba za ta tare maka gani ba. Kada a yi lissafi da biro mota tana tafiya. Idan malejin na lantarki ne, ka ce wa ma'aikacin kamfanin haya ya juya maka shi zuwa ma'aunin ƙasar.

Aikin gida

Mayar da mil 40 da mil 60 zuwa kilomita. Mayar da kilomita 90 da 120 da 130 zuwa mil. A gefen kowace amsa rubuta "ta hau" ko "ta sauka". Littafin da babu wannan ba za a duba shi ba.