Babi na 6: Kiwon Kajin Gida

Darasi na 1: Akurki da abinci

Da wuya a shiga gida a garin nan ba a ji kukan zakara ba, don haka na san wasunku za su ce, me Malama za ta koya mana a kan kaza? Gaskiyarku. Yawancinku kun fi ni daɗewa da kaji. Abin da na zo da shi shi ne wannan: yanzu kun iya riƙe fensir, kun iya rubuta lamba daga 1 zuwa 100. To, fensirin nan yana da aiki a akurki.

Kajin da muke magana a kansu su ne namu na gida, waɗanda ake saki da safe su yi tono, su dawo da magariba. Ban da kajin gidan gona da ake tsarewa a ɗaki ana saya musu abinci buhu-buhu.

Kowace kaza ta kwana a akurki. Wadda ta saba kwana a kan katanga ko bayan rumbu rabon muzuru ce. Akurkin laka ya wadatar, amma a bar masa ƙananan kafofi a sama don iska, ƙofar kuma ta rufu sosai da dare. A share shi sau ɗaya a mako, a barbaɗa toka a ƙasa saboda ƙuma da ƙwarƙwata. Kashin da aka share kada a zubar a bola, taki ne, a kai gona ko lambu.

Tono kaɗai ba ya ƙosar da kaza, musamman da rani. A watsa musu dusa ko tsakin dawa, gero ko masara, da safe kafin su fita, da kuma yamma. Na yamma shi ke sa su dawo gida da kansu, a lokacin kuma sai ku ƙirga su. Ruwa ya zauna a kasko a inuwa, a wanke kaskon kullum. In ƙadangare ya zo ya sha, albarkacin kaza ne, ku ƙyale shi.

Zakara 1 ya ishi kaji 10. In zakaru sun yi yawa faɗa kawai za su yi ta yi, su wahalar da matan. Kowace shekara a canza zakara, a samo lafiyayye daga wani gida, don kada ya riƙa hawan 'ya'yansa iri ya lalace.

Darasi na 2: Kwanci

Wannan darasi a karanta shi a hankali. Wadda ba ta gane ba ta ɗaga hannu, babu kunya a ciki. A nan ne ake asarar da ta fi kowace yawa, kuma a nan ne na ga ɗalibai suna tuntuɓe shekara da shekaru.

Sagara takan fara ƙwai tana da wata 6 ko kusa da haka. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sannan ta daina, ta kwanta a kansu. Za ku gane ta shiga kwanci in ta ƙi barin gurbi, ta buɗa gashi, tana ƙugi in an matso. Daga ranar da ta kwanta sosai zuwa ranar ƙyanƙyasa kwana 21 ne. Ku rubuta wannan lamba a littafinku: 21. Biyu a hagu, ɗaya a dama. Wadda ta sa ɗaya a hagu ta rubuta 12, ta goge ta sake.

Kullum in ta yi ƙwai a ɗauke, a bar mata ɗaya a gurbi don kada ta canza wuri. Waɗanda aka ɗauke a ajiye su a ƙwarya mai ƙaiƙayi, a wuri mai sanyi kamar gindin randa, tsinin yana kallon ƙasa. Kada a wanke su. Ƙwan da ya wuce kwana 7 zuwa 10 a ajiye, a dafa wa yara. Haka mai tsaga, da ƙanƙani, da mai kashi a jiki. Ƙaramar kaza a ba ta 8, babba 10 ko 12. In ƙwai yana leƙowa daga ƙarƙashin fiffike, sun yi mata yawa.

Yanzu ga aikin. Abu 3 ne, kuma duk a rana ɗaya ake yin su.

Na farko, a sa mata ƙwan gaba ɗaya, a lokaci ɗaya, da dare in ta natsu.

Na biyu, kafin a sa, a ɗauki fensir a ja wa kowane ƙwai layi ya zagaye cikinsa kamar ɗamara. Layin ya zagaye gaba ɗaya, domin kaza tana juya ƙwanta da baki, in ɗigo kawai kika yi a gefe ɗaya gobe ba za ki gan shi ba. Gawayi yana gogewa. Fensir za a yi amfani da shi.

Na uku, a rubuta ranar a littafi. Sunan rana, da kwanan wata, da yawan ƙwai. Kamar haka:

Juma'a, 5 ga wata. Jar kaza. Ƙwai 10.

Me ya sa ake jan layin? Saboda sauran kaji suna shiga gurbin mai kwanci in ta tashi cin abinci, su yi nasu ƙwan a ciki. Kin sa 10, bayan mako ɗaya kin ga 14, har kina murna. Ranar 21 na farko suka ƙyanƙyashe, uwar ta jira kwana ɗaya ko biyu, ta tashi da 'ya'yanta. Huɗun nan da suka zo daga baya akwai 'yan tsaki a cikinsu, ba su isa fita ba, sanyi ya kashe su. Ba a ci ƙwai ba, ba a sami tsako ba. Banda haka, yawan ya sa ta kasa rufe su duka, har cikin goman farko wasu sun zama ɓaragurbi. Shi ya sa kullum, in ta tashi, za ki leƙa gurbin. Ƙwan da ba shi da layi baƙo ne, ki cire shi a ranar, lafiyarsa lau, a ci.

Mu maimaita tare. Mai layi ya zauna. Marar layi ya fita. Kullum ake dubawa, ba sai ranar da aka tuna ba.

Sai ƙirgen kwana 21. Kwana 21 mako 3 ne cif. Ke nan in ranar Juma'a kika sa, ranar Juma'a za su fito. In Talata, Talata. Ga inda ake kuskure: Juma'ar da kika sa ƙwan ba ta cikin lissafi. Juma'a mai zuwa ita ce ta ɗaya.

Ku ɗauko kalanda. A sama akwai sunayen ranaku a jere, a ƙarƙashin kowace rana akwai lambobi sun sauko layi ɗaya. Ɗora yatsa a kan 5, ƙarƙashin Juma'a. Kada ki ce komai tukuna, nan ne kika tsaya. Sauko gida ɗaya, 12, ki ce ɗaya. Sauko kuma, 19, ki ce biyu. Sauko kuma, 26, ki ce uku. Ki zagaye 26 da fensir. In kin sauko shafin ya ƙare, buɗe wata mai zuwa, ki ci gaba daga lambar farko da ke ƙarƙashin Juma'a. Yatsa ƙasa yake sauka, ba ya tafiya gefe.

Wata dattijuwa a ajin da na koyar a baya ta zo min rai a ɓace, ta ce, "Malama, lissafinki bai yi ba. Juma'a uku na ƙirga, ko ɗaya bai fashe ba, na kwashe na zubar bayan gida." Na ce, "Inna, nuna min da yatsa yadda kika ƙirga." Ta ɗora yatsa a kan ranar da ta sa ƙwan, ta ce ɗaya. Kwana 14 ke nan ta zubar da su, saura mako guda. Jikanta ya ce da ya fasa ɗaya ya ga tsako har da gashi. Ba na ba da labarin nan don a yi mata dariya. Daga baya ita ce ta fi kowa iya kalanda a ajin, har tana gyara wa yara mata. Ku ma za ku iya.

To, a sake. Ranar da aka sa ƙwai, me ake cewa? Ba a cewa komai. Mako mai zuwa, ɗaya. Na gaba, biyu. Na gaba, uku. Ko ranar ta cika ba su gama fitowa ba, a ƙara musu kwana 2 kafin a taɓa gurbin. Kuma kada a ɓare wa tsako ɓawo don tausayi, jini zai zuba ya mutu.

Mai sa wa kaza ƙwan zabi ta sani shi mako 4 yake yi, wato gida 4 za ta sauko a kalanda. Na agwagwar gida mako 5. Don haka ba a haɗa su da na kaza a rana ɗaya a gurbi ɗaya.

A kwana na 10 kina iya duba ƙwan da tocilan waya. Da dare, a ɗaki mai duhu, ki manna hasken a jikin ƙwai. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo da wani duhu a tsakiya. Wanda haske ya ratsa fes babu komai a ciki, a cire shi kafin ya ruɓe ya fashe. A yi da sauri kada su huce.

Dole in faɗi wata magana, ko da ba za ta yi daɗi ba. Makon jiya na tambayi wa ta ja layi a ƙwanta, hannu biyu kawai na gani a ajin nan. Wata ta ce fensirin yana jakar ɗanta. Wata ta ce ai tana gane ƙwan kazarta da ido. Ba kya ganewa, Hajiya, ni ma ba na ganewa. Kuna barin aikin gida ku zo nan ku zauna awa biyu a kan tabarma, sannan jan layin da bai kai minti biyar ba ya gagara? In an yi ɓaragurbi kuma a ce baki ne ko sammu. A ɗaure guntun fensir da zare a rataye a bakin akurki, maganar jakar yaro ta ƙare.

Kafin a buɗe shafi na gaba, kowa ta faɗa da bakinta: rana ɗaya ake sawa, a ja layi, a rubuta rana, a sauko gida 3.

Darasi na 3: 'Yan tsaki

Rubuta nawa suka fito a gaban layin da kika rubuta ranar sa ƙwai. Kin sa 10, an sami 8, haka za ki san kazar da ta iya kwanci.

Kada a saki uwa da 'ya'ya su bi gari tun ranar farko. Shirwa da shaho suna jira, ga kwata, ga raɓar safe. A kife su da babban kwando ko a tsare su a wani lungu na mako 4 zuwa 6, a riƙa matsar da kwandon wuri mai tsabta. Abincinsu tsaki mai laushi da dusa, da gara in an samu, da ɗan dafaffen ƙwai a makon farko. A zuba tsakuwa a kaskon ruwa don kada su faɗa su nutse.

Darasi na 4: Fakat

Kun san ta, cutar nan mai kashe kaji. Da hunturu ta fi zuwa. Kaza ta saki fiffike kamar ta yafa mayafi, ta yi koren zawo, tana numfashi da baki buɗe, wata wuyanta ya murɗe. Cikin 'yan kwanaki akurki ya zama wayam. In ta kama babu maganinta, barkono da jan kafso ba sa warkar da ita.

Rigakafi ake yi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin wanda ake ɗigawa a ido, ɗigo 1 ga kowace kaza, babba da ƙarama. Ana maimaitawa bayan wata 4, kuma a tabbata an yi kafin sanyi ya shigo. Ku tambayi malamin dabbobi. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai ku haɗa kuɗi da maƙwabta. Lafiyayyu ake yi wa. A rubuta ranar.

Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi.

Darasi na 5: Sayarwa

Kaji sun fi tsada gab da sallah da kirsimeti. A sayar da zakarun da suka yi yawa da tsofaffin da suka daina ƙwai. A bar masu kwanci da kyau, littafinki zai nuna miki su.

Aikin gida: Kaza ta kwanta ranar Litinin, 2 ga wata. Rubuta ranar da za ta ƙyanƙyashe. A zo da kalanda.