Yadda Ake Sauya Tsawon Hannun Feda a Keke Mai Taya Ɗaya

Galibin kekuna masu taya ɗaya ba su da sarƙa, kuma ba su da giya. Ƙafarka ta zaga sau ɗaya, taya ta zaga sau ɗaya, shi ke nan. Don haka abu biyu ne ke yanke maka sauri da ƙarfin hawan tudu: girman tayar, da tsawon hannun feda, wato ƙarfen nan da ya taso daga tsakiyar taya ya riƙe fedar. Taya ba ta sauyuwa a bakin hanya. Hannun feda kuwa, in mai huda biyu ko uku gare ka, fedar kawai za ka mayar wata huda, cikin 'yan mintuna ka gama.

Tsawon ana auna shi ne da milimita, daga tsakiyar sandar taya zuwa tsakiyar hudar feda. Kamfanin Kris Holm na yin mai huda biyu, misali 127 da 150, ko 137 da 165. Nimbus na da mai huda uku, 100 da 125 da 150. Kafin ka saya, duba bakin sandar tayarka. Akwai mai kusurwa huɗu, irin na kekunan koyo, akwai kuma mai haƙora goma da ake kira ISIS, wanda yawancin masu huda da yawa ke hawa kansa. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, kada ka tilasta.

Fara da sanin abin da kake nema. A huda ta 150, ƙafarka na zaga da'ira mai kusan milimita 940 a kowane juyi. A ta 125 kuwa kusan 785 ce. Tafiyar tayar ba ta ragu ba, ƙafa ce ta sami sauƙin zagaye, shi ya sa gajeren hannu ke ba da sauri da santsin tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Amma ba a banza ba. Ƙarfin da kake danne tayar da shi ya ragu, kuma a wannan keke ƙafa ce birkin farko. A ganina mutane sun fi tunanin hawan tudu, alhali gangara ce ke tona asirin gajeren hannu: tayar na son gudu, gwiwa na ja da baya, kuma a taya mai inci 36 sai ka ji kamar ita ke tuƙa ka. In hanyar duwatsu ce ko mai tudu, zauna a hudar waje, wato mafi nisa daga tsakiyar taya.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai lamba 15, ko alanki mai milimita 6 ko 8 in fedarka ta bayan hannu ake kwance ta, sai ɗan giris da tsumma.

Kwantar da keken, ka kwance feda ɗaya. A nan ake yawan yin ɓarna, don fedar hagu tiredinta, wato haƙoran da take ɗauruwa da su, a juye yake. Ta dama, mai alamar R, tana ɗauruwa yadda hannun agogo ke tafiya, ta hagu mai alamar L kuwa akasin haka. In ka rikice, riƙe wannan: sifana na tsaye sama, ka tura ta wajen gaban sirdi ɗaurewa ne, ka ja ta baya kwancewa ne, a kowane ɓangare. Gama da ɗaya kafin ka taɓa ɗayar, don kada su cakuɗe maka.

Yanzu leƙa hudar da za ka koma. Ta daɗe a buɗe, ƙura da laka sun shige cikin tiredin, wani lokaci har da 'yar tsakuwa. Nannaɗe tsumma a ɗan tsinke ka juya a ciki har ya fito fes, sannan ka shafa giris kaɗan a haƙoran fedar. Sai ka fara ɗaurawa da yatsu kawai. Wannan mataki kada ka yi masa gaggawa. Sandar feda ƙarfe ce mai tauri, hannun kuwa yawanci alminiyam ne, in ta shiga a karkace ita za ta cinye shi. Ya kamata ta yi juyi da dama ba gardama. Da ka ji ta cije tun juyin farko, tsaya, mayar da ita baya, daidaita, sake gwadawa. Sai ta kusa zama sannan ka kawo sifana ka ɗaure tamau. In akwai ɗan zoben ƙarfe, wato washa, tsakanin feda da hannu, mayar da shi wurinsa.

Yi wa ɗaya ɓangaren haka, ka kuma duba da ido cewa huda ɗaya ka zaɓa a hagu da dama.

Saura sirdi, wanda aka fi mantawa da shi. In ka sauko daga 150 zuwa 125, fedar da ke ƙasa ta matso sama da milimita 25, don haka ka ɗaga sirdin da misalin wannan. In ka koma doguwar huda, sauke shi. Ma'aunin dai bai sauya ba: diddige kan fedar ƙasa, ƙafa ta kusa miƙewa. Yi 'yar alama biyu a jikin sandar sirdin, gobe ba sai ka yi ta gwaji ba. Kuma yayin da ka sassauta shi, lura kada ka mayar da shi baibai. Sirdi ne ke nuna gaban wannan keke. In ya juya, hannun dama ya koma ƙarƙashin ƙafar hagu, fedojin za su riƙa kwance kansu kana tafe har su lalata tiredin.

Hawan farko a yi shi a fili mai ƙarancin zirga-zirga, kusa da bango ko abin dafawa. Takawar farko da ka saba yi don hawa ba za ta ba ka abin da ka saba ba, tsayawa ma za ta ɗauki nisa fiye da da. Kada ka yi tsalle daga 150 zuwa 100 a rana ɗaya, bi ta 125 ƙafa ta saba tukuna. Lura kuma da ragowar hannun da ya zarce fedar idan kana hudar ciki, yana iya gogar takalmi ko ya kama igiyarsa, kuma igiyar da ta naɗe ba ta barin ka sauka lafiya, don fedar ba ta tsayawa sai taya ta tsaya. Cusa igiyar cikin takalmin.

Bayan 'yar tafiya kaɗan, sauka ka sake bin fedojin da sifana, ka girgiza kowane hannu ka ji ko yana motsi a kan sandar. In ka ji ƙara ƙis-ƙis duk lokacin da ka taka, kada ka ci gaba da tafiya a haka, ɗaure notin hannun da alanki kafin ka sake hawa.