Yadda Ake Gane Karkashin Korama a Fadama

A nemi karkashin korama inda ƙasa ke riƙe danshi, kamar fadamun Argungu, bakin ruwa a Yauri, ko gefen magudanan Bakolori bayan ruwa ya janye. Tsayinsa yakan kai gwiwa, da wuya ya wuce mita 1.

A fara shafa shi. Kara da ganye duk gashi ne mai kaushi, ganyen kuma a yamutse, jijiyoyinsa sun nutse ciki.

Amma furen ne babbar shaida. Zangarniyar doguwa ce, bakinta a naɗe kamar wutsiyar kunama, furanni ƙanana jere a gefe ɗaya kawai, layi biyu. Kowanne na da leɓe 5, fari ko shuɗi-shuɗi, tsakiya rawaya. Na ƙasa ke fara buɗewa, shi ya sa za a ga 'ya'ya a gindi alhali saman bai warware ba. Kafin ya yi fure, kada a yanke hukunci, ganye kaɗai na ruɗi.

Ba shi ne karkashin miya ba, wanda furensa babba ne mai kamar ƙararrawa. Karkashin korama yana da guba mai lalata hanta, don haka a hana awaki da tumaki yawan cinsa.