Darasi na 6: Dawo da Amana Bayan Karayar Arziki da Koya wa Matasa Riƙon Katin Bashi

Ranar da kotu ta ba mutum takardar sallama daga basussukansa, kaya ya sauka daga kansa, amma sunansa bai wanku ba tukuna. Abin da masu ba da rance ke dubawa shi ne rahoton bashi, wato bayanin da kamfanonin adana tarihin bashi ke tarawa a kan kowa: nawa ya ranta, yaushe ya biya, sau nawa ya makara. A Amurka manyan kamfanonin uku ne, Equifax da Experian da TransUnion. A can, karayar da aka yanke a ƙarƙashin Babi na 7 na dokar karayar arziki (inda ake sayar da kadarori a yafe sauran bashin) tana zama a rahoto shekara 10, ta Babi na 13 (inda ake tsara biya kaɗan-kaɗan) kuma shekara 7. A Ingila shekara 6 ne. Shekarun da yawa, amma tabon yana dishewa tun kafin ya goge, muddin an jera masa watanni na biya a kan lokaci.

Ku fara da rahotonku

Kafin ku nemi kati ko rance, ku karɓi rahotonku daga kowane kamfani, ku ajiye shi gefe da takardar kotu, ku bi shi layi-layi da biro a hannu. Duk bashin da kotu ta yafe, ya kamata a ga sifiri a gabansa, tare da alamar cewa yana cikin shari'ar. Kuskuren da aka fi samu shi ne a tarar da tsohon bashi har yanzu a buɗe, ana ta lissafa masa makara wata bayan wata. Wannan yana faruwa ne idan mai bin bashin bai sabunta bayanansa ba, ko ya sayar da bashin ga masu karɓar bashi tun kafin hukunci. Ku rubuta ƙorafi, ku haɗa da kwafin takardar sallama, ku riƙe ta asali a gida. A dokar Amurka kamfanin yana da kwana 30 ya bincika.

Ku lura kuma cewa akwai basussukan da karaya ba ta saba ɗaukewa ba, kamar kuɗin ciyar da 'ya'ya da kotu ta ɗora, da wasu haraji, da galibin rancen karatu. Waɗannan su ne farkon abin biya kowane wata.

Yadda ake auna amana

Daga rahoton ake fitar da maki. Ma'aunin FICO, wanda ya fi yaɗuwa a Amurka, yana farawa daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin 100 na makin daga biya a kan lokaci yake fitowa, kashi 30 daga yawan bashin da ke kanku, kashi 15 daga daɗewar asusunku. Sauran kashi 20 an raba shi biyu tsakanin sababbin neman rance da ire-iren bashin da kuke riƙe da su. Duk ƙasar da kuke, biyun farko su ne abin mayar da hankali, domin su ne a hannunku tun daga wannan watan.

Kati mai jingina

Mai sabuwar karaya da wuya banki ya ba shi kati haka kawai. Ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce kati mai jingina: ku ajiye kuɗi a banki, bankin ya ba ku kati wanda iyakarsa daidai take da abin da kuka ajiye. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin ku sa hannu, ku yi tambaya uku. Shin bankin yana aika bayanin biyanku ga kamfanonin adana tarihi? Idan ba ya aikawa, katin ba zai gina muku komai ba, ku bar shi. Nawa ne kuɗin riƙe katin a shekara? Bayan wata nawa na biya mai kyau ake mayar da jinginar?

A nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Idan iyakar katin 300 ce, kada bashin da ke kansa ya wuce 90, wato kashi 30 cikin 100, kuma ƙasa da haka ya fi. Dalili shi ne yawancin bankuna suna aika adadin da ke kan katin a ranar rufe lissafin wata, wadda ta riga ranar biya. Mutum zai iya biyan komai a kan lokaci amma rahoto ya nuna katinsa a cike, makinsa ya sauka yana mamaki. Maganinsa mai sauƙi ne: ku ɗora wa katin hidima ɗaya ƙarama wadda dama kuna biya kowane wata, ku sa banki ya riƙa cire cikakken kuɗin daga asusunku da kansa, sannan ku adana katin a gida. Wanda ya biya duka kafin ranar ƙarshe, kuɗin ruwa ba ya hawa kansa. Cire tsabar kuɗi da katin kuwa hukuncinsa daban, domin ruwa yana fara hawa tun daga ranar.

Kada ku nemi kati a wuri biyar cikin wata guda. Kowane nema yana barin alama a rahoto, a Amurka har shekara 2, kuma jerin alamun yana nuna mutum a matse yake. Kati ɗaya ya isa na shekarar farko. Gefe guda ku riƙa tara ɗan abin ko-ta-kwana, ko da kaɗan-kaɗan ne, domin rashin lafiya ko lalacewar abin sana'a su ne ke mayar da mutum cikin bashi ba shiri. Masu tallar cewa za su goge muku karaya idan kun biya su kuwa, ku guje su. Babu mai iya cire bayanin gaskiya kafin wa'adinsa, kuskure kuma kuna iya gyara shi da kanku kyauta.

Matashin da ke gida

Iyaye da yawa da suka sha wannan wuya sukan ɓoye wa 'ya'yansu, wasu kuma su haramta zancen kati gaba ɗaya. A ganinmu duka biyun cutarwa ne, domin yaron zai haɗu da katin wata rana, kuma mai talla ne zai zama malaminsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku fara da katin cire kuɗi, wanda ba ya taɓa komai sai abin da ke asusu. Ku sa masa kuɗin wata ɗaya a farkon wata. Idan ya cinye a sati biyu, kada ku ƙara, ko da ya marairaice. Bayan ya yi wata shida yana kai ƙarshen wata da saura, sai ku zauna da shi ku buɗe takardar lissafin katinku. Ku ɗora yatsa a wuri huɗu: jimillar bashi, mafi ƙarancin biya, ranar ƙarshe, da yawan ruwa a shekara.

Sannan ku ba shi biro ya yi lissafin nan da hannunsa. Bashi 1,000, ruwa kashi 24 cikin 100 a shekara, wato kashi 2 a wata. Ruwan watan farko 20 ne. Idan an biya 25, biyar kacal ta taɓa uwar bashin. Mai biyan 25 kowane wata zai kai wata 82, kusan shekara 7, ya biya sama da 2,000. Mai biyan 100 kuwa zai gama a wata 12, ruwansa bai kai 130 ba. Yaron da ya fitar da waɗannan lambobi da kansa ba ya buƙatar dogon wa'azi.

A yawancin ƙasashe sai mutum ya cika shekara 18 zai ƙulla yarjejeniyar bashi da sunansa. A Amurka, dokar katin bashi ta 2009 ta ce wanda bai kai 21 ba sai ya nuna hanyar samun kuɗinsa ko ya kawo mai tsaya masa. Wasu bankuna suna yarda a sa sunan yaro a katin iyaye a matsayin mai izinin amfani. Duk abin da ya kashe a wuyanku yake, kuma makararku tana iya shiga rahotonsa, don haka mai farfaɗowa daga karaya ya dakata sai ya cika shekara guda bai makara ba. Tsaya wa wani ma haka ne: idan ya gaza, ku za a bi gaba ɗaya. Ku gaya wa yaron kuma kada ya ara wa aboki kati ko ya faɗa wa kowa lambar sirri, haka nan sayayyar "ɗauka yanzu, biya daga baya" da ake yi a intanet bashi ce kamar kowace.

Aikin gida

Iyakar kati 500 ce. Nawa ne kashi 30 cikin 100 nata? Bashi 600 yana da ruwa kashi 2 a wata. Idan an biya 20 a watan farko, nawa ya ragu daga uwar bashin? Ku yi lissafin tare da matashin gidanku, ku rubuta ranar rufe lissafi da ranar biya na katinku a jikin kalanda, ku zo da amsoshin darasi mai zuwa.